Wayar Ta Iya Barbarci, Kai Fa?

Tun daga kan maganar na hango wasu sun fara taɓe baki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: allurar rigakafi ma ba a gama shan kan mutane a kanta ba, yanzu kuma wai wayar hannu ce za ta yi wa uwa bayanin allurar da harshenta. To, masu taɓe baki, ku matso kusa, yau da ku nake. Ba iri ɗaya ba ne ku, na kuma san majalisar kowa, saboda haka kada wani ya laɓe a bayan wani.

Bari in fara da kai, mutumin Kano, tunda muryarka ta fi ta kowa tashi. Cewa ka yi wace irin matsalar harshe kuma a Arewa, ai kowa yana jin Hausa. Ka faɗe ta kana kaɗa ƙafa a bakin shagonka na Kantin Kwari, inda Bayarabe da Ibo da Buzu duk da Hausa suke taya atamfa. Gaskiyarka, a Kwari. Sai dai duniya ba a Wudil ta ƙare ba. Hau motar Maiduguri, ka wuce Potiskum da Damaturu, ka shiga asibitin sha-ka-tafi a unguwar da 'yan gudun hijira suka sauka, ka tsaya kusa da layin mata ranar awo. Za ka ji Barbarci, ka ji Larabcin Shuwa, ka ji Fulatanci, Margi, Bura, Mandara da harshen mutanen Cibok, duk a kan benci ɗaya. Binciken da ƙungiyoyin agaji suka yi a 2019 a Borno da Yobe da Adamawa ya nuna kusan gida ɗaya ne cikin uku Hausa take harshensu na farko. Sauran biyun fa? Za ka ce ai suna ji. Suna ji mana: nawa ne, rage mini, Allah ya kai mu. Hausar cefane ke nan, tana sayo tattasai lafiya lau.

Amma saurari abin da malamar asibiti take son isarwa ga uwar jariri mai mako shida: "Yau ta farko aka yi masa cikin uku. Ki dawo da shi bayan mako huɗu, sannan bayan wani mako huɗun. Da dare jikinsa zai iya yin zafi, cinyar ta ɗan kumbura. Kada ki tsorata, kada ki matsa wurin, ki ci gaba da ba shi nono. In zazzaɓin ya ƙi sauka, ko ya fara jijjiga, ki kawo shi nan take, ko tsakar dare ne." Uwar daga wani ƙauye ta fito a bayan Gwoza. Ta gyara goyo, ta sunkuyar da kai, ta ce to. Malama ta cike kati ta kira ta gaba, don layi ya kai har gindin darbejiya. Da dare yaro ya ɗau zafi, ya hana gidan barci. Kakarsa ta ce dama sai da na faɗa. Shi ke nan, ba a sake komawa ba. A rahoto za a rubuta cewa ta fara ta bari, wani babba a ofis ya girgiza kai ya ce mutanenmu akwai taurin kai. Alhali a cikin maganar malama kaf, kalma biyu ta tsinta: zafi da dare. Kuma sun tabbata. Allurar da aka fara wa yaron, wadda ake ce wa Penta, ita ce ke tare mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, ba ta kuma cika aikinta sai an yi uku. Kai da ke Kano ba sai an ba ka labarin abin da mashaƙo ya yi a 2023 ba.

A 2017 wata ƙungiya mai yi wa masu agaji aikin fassara, Translators without Borders, ta gwada mutane a sansanoni biyar na 'yan gudun hijira a yankin Maiduguri. An ba su ɗan gajeren rubutu da Hausa ko Barbarci, aka yi musu tambaya mai sauƙi a kansa. Waɗanda suka amsa daidai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Da aka kunna musu saƙo a murya sai fahimta ta ɗaga. Waɗanda aka fi bari a baya kuwa matan nan ne da ba su yi boko ba, harshensu kuma ba Hausa ba ne, ba Barbarci ba. Wato dai masu goyon jariran da ake nema ruwa a jallo.

Kai ɗin ma da kake cika baki, aika a ɗauko maka katin rigakafin autarka daga cikin kwallar uwargida. Karanta mana da ƙarfi. BCG. OPV. Penta. PCV. Ina jin ka, ci gaba. Wanne ne na tarin fuka, wanne ne na shan inna? Ka ga ka fara sosa ƙeya. Na farko shi ne na tarin fuka, mai barin tabo a dantse. Na biyu shi ne ɗigon shan inna. Na huɗu na ciwon huhu ne. Ashe kai ma a gidanka akwai takardar da ba ta jin harshenka. In kuma 'yan bindiga suka kori iyali daga Sabon Birni ko Isa suka tsallaka ƙasar Maraɗi, yadda dubban mutane suka yi tun 2019, can nas ɗin Bahaushiya ce amma katinta da Faransanci yake, sai ta zauna tana lissafin me aka yi wa yaron a Nijeriya, me ya rage. Ka juya abin ta ɗaya gefen: likita ɗan bautar ƙasa daga Inugu an turo shi wani ƙauyen Jigawa, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Ko matar ɗan ƙanenka mai sayar da albasa a Legas, ta kai jariri asibitin unguwa a Agege, nas tana zuba mata Yarbanci da Turancin buroka. Rannan za ka gane matsalar harshe ba ta Margi kaɗai ba ce.

Da ma can ana maganin abin, amma da tafintan sa'a. A kira maigadi, ko mai shara, ko a jawo ɗan aji huɗu na firamare da ya rako uwarsa, a ce fassara. Yaro ya fassara abin da ya gane, ya tsallake abin da ya ji kunyarsa, ya ƙara nasa. Tun Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa kansar bakin mahaifa. Ina so ka faɗa mini, tsakani da Allah, wace uwa ce za ta tambayi abin da ya shafi mahaifar 'yarta ta bakin maigadin asibiti mai sanda da tocila, ko ta bakin ɗan cikinta namiji? Shiru za ta yi, ta ja hannun yarinyar su tafi gida da tambayarta a ciki. Can kuma akwai maƙwabciyar da ke da amsa a shirye.

Da aka ce na'ura, kada wani ya hango mutum-mutumi sanye da farar riga. Abin da ya fi amfani a duk harkar nan ya fi kowanne sauƙi. A samu mace 'yar asalin harshen, mai daɗin murya, ta zauna da ma'aikaciyar lafiya su daidaita maganar, a naɗa a waya, minti ɗaya ko biyu. Ranar awo malama ta latsa, uwa ta ji bayanin nan na mako huɗu da zazzaɓin dare da Marginta tsantsa, daga bakin wadda ta san yadda ake yi wa mai jego magana. Ba ya buƙatar data. Ana iya tura shi ta Bluetooth zuwa 'yar ƙaramar wayar maigida mai madanni, a sake saurara a tsakar gida, kaka tana kusa tana yi kamar ba ta ji. Na ga Malam ya ɗaga gira wai baƙon abu ne. Haba Malam, majigi fa? Shirin yaƙi da shan inna ya taɓa zagaya ƙauyukan Gezawa da fim na Hausa, ana haska wa jama'a yadda cutar ke nakasa yaro, aka kuma ga ƙarin masu miƙa 'ya'yansu. Majigin ne ya ƙanƙance ya shige aljihu.

Daga nan sai sauran. Akwai kiran tunatarwa, wayar ta yi ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin ranar komawa, murya ta ce gobe ne. Akwai layin bayanai na kamfanin Airtel da Viamo, mutum ya kira ya zaɓi Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko buroka ko Turanci ya saurari bayanin lafiya. Ƙungiyar fassarar nan da na ambata ta haɗa ƙamus na waya na kalmomin lafiya da agaji cikin harsunan Arewa maso Gabas, har da Shuwa da Bura da Mandara, yana aiki ko ba sabis, yana kuma furta kalmar don ma'aikaci ya ji yadda ake faɗinta. Lokacin korona suka fito da wata manhajar hira mai suna Shehu a Facebook Messenger da Telegram, ka rubuta mata tambaya da Hausa ko Barbarci ko Turanci ta amsa maka. Ita wannan sai wanda ya iya rubutu, kuma nan ne gejinta. Wadda ta fi burge ni ita ce AVADAR, da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta, ciki har da eHealth Africa ta nan Kano, suka yi amfani da ita wajen farautar shan inna. An raba wa wanzamai da ungozomomi da masu kemis da masu maganin gargajiya wayoyi. Duk mako ɗan gajeren bidiyo ya taso da kansa, ya nuna yaron da ƙafarsa ta saki, murya ta tambaya da harshen garin: ka ga irin wannan? Wanzami ya latsa i ko a'a. In i ne, jami'in lafiya ya biyo sawu. Mutumin da bai taɓa cike fom ba ya zama idon likita a ƙauyen da likita bai taɓa takawa ba.

Alhaji, ranku ya daɗe, na ga kun yi shiru kuna jan carbi. Ku naku ba na harshe ba ne. Ku cewa kuka yi ko da Larabcin Ƙuraishawa aka yi bayani, abin da Turawa ke bi gida gida suna bayarwa kyauta akwai lauje cikin naɗi. A nan ba zan yi dariya ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Magani ne, ba rigakafi ba, amma tabon bai tsaya bambancewa ba. Aka yi ta shari'a har 2009, kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. To, ku tuna abin da aka fi ja a kai. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfani ya ce ma'aikatan jinya sun yi musu bayani da Hausa, sun kuma amince da baki. Maganar baka ce, iska ta tafi da ita. Da a ce bayani ɗaya aka naɗa da Hausa, kowane uba ya ji irin wanda ɗan uwansa ya ji, aka ajiye shi, da alƙali ya kunna ya ji wa ya faɗi gaskiya. Ku da kuke da shakka, Alhaji, ku ne ya kamata ku fi kowa son saƙon da aka naɗa. Za ku iya kai wa limaminku ya saurara, ku kai wa ɗanku mai karatun likita a Zariya ya tantance, in an yi muku ƙarya ku riƙe hujja a aljihu.

Mun kuma ga ƙarshen ƙauracewa. Daga 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, sai a Yulin 2004 aka ci gaba, bayan gwaje-gwaje da kawo maganin daga Indunusiya. Kafin a farga cutar ta bi hanyoyin fatauci da na tafiye-tafiye ta koma ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman, har ita Indunusiyar. Matan da aka ɗiga wa suna jarirai a wancan lokacin, yau su ne ke cika layin awo da goyo a baya, wasu da ciki a gaba. In hana haihuwa aka shirya, to wanda ya karɓi kwangilar ya kamata ya mayar da kuɗin.

Yanzu kuma ku ba ni izini in tambaya. Saƙon muryar nan mai tsawo da aka turo muku a WhatsApp, wanda ba ku san mai maganar ba, ba ku san garinsu ba, ya buɗe da sallama ya rufe da cewa duk wanda ya ji ya tura wa 'yan uwa, zaure nawa kuka tura shi? Ba ku ce masa na'urar Yahudu ba. Ba ku tambayi wa ya biya kuɗin naɗinsa ba. Sai da aka ce wayar nan dai za ta tuna muku ranar allurar jikanku, sannan ta zama abar zargi. Jita-jita ta daɗe da iya Hausa, ta iya Sakkwatanci, ta iya Barbarci, tana da murya mai ratsa jiki. Bayanin asibiti ne aka bari da Turanci a jikin fosta, rana tana cin launinsa. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A jihar Minesota ta Amurka, 'yan Somaliya sun taɓa zama kan gaba wajen yi wa yara rigakafin ƙyanda, kashi 92 cikin ɗari a 2004. Masu yaɗa cewa allurar na taɓa ƙwaƙwalwar yara suka shiga cikinsu, suka zauna da iyaye, suka saurari kukansu, maganar ta zagaya da harshen Somaliya daga gida zuwa gida. Zuwa 2014 adadin ya faɗo kashi 42. A 2017 ƙyanda ta ɓarke, ta kama mutum sama da 70, mafi yawansu yaran da ba a yi musu ba. Ga asibitoci na gani na faɗa, ga likitoci, amma wanda ya riga isa kunnen uwa da harshenta shi ya yi nasara.

Na san tambayar da kuke ɓoyewa a hannun riga, kuma tambaya ce mai kyau: an ce an kawar da shan inna daga Afirka, to me 'yan matan nan masu akwati da alli suke nema a ƙofar gidajenmu har yau? Ranar 25 ga Agustan 2020 aka yi shelar, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016, amma nau'in asali ne na cutar aka kawar. Ɗigon bakin yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. A garin da yawancin yara suka samu rigakafi, ba ta zuwa ko'ina. A garin da yara da yawa ba su samu ba, tana iya yawo daga wannan yaro zuwa wancan ta hanyar bayan gida da ruwa, ta daɗe tana yawo har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wani. Maganinta shi ne a cike gibin. Ku dubi tsawon wannan amsa. Yarinyar da aka ba horo na kwana biyu, rana na dukanta, maigida ya tsare ta a zaure da harshen da ba nata ba, ta ina za ta fara? Sai ta ce gwamnati ce ta ce. Ku kuwa in kun ji gwamnati ce ta ce, kun san abin da kuke yi da ƙofa.

Saura kai, ɗan boko mai gilashi da kwamfuta a jaka, da tun ɗazu kake gyaɗa kai kana zaton ɓangarenka nake. Naka shakkun a kan mutane ne: wai me za a yi da tafinta da mai naɗar murya, a ɗora komai a Google Translate a huta. Sannu da ƙoƙari. Hausa ta shiga can a Disambar 2013. Barbarci da Fulatanci sai a Yunin 2024 suka samu shiga, rana ɗaya, tare da harshen Tibi. Na bar wa Barebari da Fulani su sasanta wane ne ubangida, wane ne ya biyo shi da buta. Ni dai na ga a tabarma ɗaya aka zaunar da su. A wancan jerin babu Margi, babu Bura. Dalili kuwa na'urar da rubutu take koyo, tulin rubutu, kuma harshen da jaridu da gidajen rediyo ba su tara masa rubutu a intanet ba, ba ta da abin da za ta koya da shi. Hausar ma da ta samu gata, ta labaran duniya ta fi iyawa. Ka ba ta zancen Majalisar Ɗinkin Duniya ta zuba maka tiryan-tiryan, ka kawo mata tsohuwa daga Illela tana bayanin yadda jikanta ya kwana, ka ga ikon Allah.

Kuma kuskure a nan ba irin na aikin makaranta ba ne. A 2014 wasu likitoci biyu a Ingila suka gwada Google Translate da jimloli goma na asibiti cikin harsuna 26, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta BMJ. Kashi 57.7 cikin ɗari ne suka fita daidai, harsunan Afirka da aka gwada su ne a ƙasa. Jimlar da ke cewa yaronku yana jijjiga ta fito da Suwahili tana cewa yaronku ya mutu. Za ka ce wannan da ne, an gyara. An gyara da yawa, ban musa ba. Amma a Janairun 2021, ana tsakiyar rabon rigakafin korona, shafin ma'aikatar lafiya ta jihar Bajiniya a Amurka ya dogara da fassarar na'ura, ana son a ce allurar ba tilas ba ce, sai masu jin Sifaniyanci suka karanta cewa ba a buƙatarta. Sifaniyanci fa, ɗaya daga cikin harsunan da na'urar ta fi ƙwarewa a kansu. A shekarar dai wani bincike kan fassarar da na'ura ta yi wa takardun sallamar marasa lafiya a Amurka ya samu kashi 94 daidai a Sifaniyanci, kashi 55 a harshen Armeniya. Kai ka yi lissafin inda Barbarci zai faɗo. Ni hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana. Na'ura ta taya likitan nan ɗan Inugu tambayar suna da shekaru da ina ke ciwo, ta kuma tsara daftarin farko don a rage wa mai fassara wahala. Amma duk abin da ya shafi amincewar iyaye, ko yawan allura, ko ranar komawa, ko alamar haɗari, sai ɗan harshen ya duba, ma'aikacin lafiya ya sake dubawa, sannan a kunna wa matan unguwa a ce su maimaita abin da suka ji. In sun maimaita daidai, a sake shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Malama, ke da ke bakin aikin, na ji guna-guninki tun daga bayan layi. Ina caji, ina sabis, wa zai sa data, wayar ma tawa ce ta kaina. Ke kam ba zan zolaye ki sosai ba, kin fi mu gaskiya. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, maigida yana kasuwar ƙauye, saƙon gobe ne ranar allura ya same shi yana cinikin akuya. Shi ya sa saƙon da aka tsara wa uwa ita kaɗai ya yi rabin aiki. A yi wa maigida nasa, da girmamawar da yake so, tunda shi ke ba da izinin fita da kuɗin mota, a yi wa kaka nata, tunda ita ke yanke hukunci in zazzaɓi ya zo. Kuma kowa ya sani waya ba ta cika firjin asibiti da allura, ba ta buɗe asibitin da ma'aikacinsa ya tafi biki, ba ta kore 'yan bindiga daga hanya. Nijeriya tana da yara sama da miliyan biyu da ba a taɓa yi musu ko allurar Penta ɗaya ba, ba kuma harshe ne ya hana su duka ba. In aka kira uwa da harshenta mai daɗi, ta yi tafiyar awa biyu ta tarar babu allura, gara ma ba a kira ta ba, don karo na gaba ba za ta ɗaga ba. Matan nan 'yan sa-kai masu bi gida gida, waɗanda suka san sunan kowane jariri a unguwa kuma ake ba su ruwa in sun shiga, su ne ƙashin bayan aikin. A sa wayar a hannunsu, a biya su haƙƙinsu a kan kari. Abu ɗaya dai zan roƙe ki, kuma ba ya cin caji: kafin uwa ta tashi, tambaye ta yaushe za ta dawo. In ta kasa faɗa, kin san bayanin bai shiga ba.

A Disambar 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yi, a wata 5 da 6 da 7 da kuma 15, ba ya kuma ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro. Wannan bayani ne da ba a gane shi da gyaɗa kai. Kebbi kuma ba Hausa kaɗai ake yi ba, akwai Fulatanci da Zabarmanci, akwai Dakarci a ƙasar Zuru, akwai harsunan Kambari da Gungawa a ƙasar Yawuri. Mai karatu, in kana jin ɗaya daga cikinsu, ko wani harshen da ba a buga fosta da shi, je wurin mai kula da asibitin garinku ku zauna ku naɗi bayanin, minti biyu ne. Hajiya, in kin kai jika ba ki gane ba, ki ce a maimaita, ba rashin kunya ba ne. Kai kuma mutumin Kano, kafin a mayar da katin nan cikin kwalla, duba layin ƙyanda. Sau biyu ake yin ta, a wata 9 da wata 15, kuma ta biyun ce aka fi mantawa.